Kafin Ka Raina Kayan Sallarka

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa. Yau da ku nake, musamman masu kumbura baki don kayan sallar da aka yi musu ba su kai na abokai ba.

Kowa ya san yadda kasuwa ta koma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Naira ta faɗi, kuɗin mota ya tashi, shadda Getzner kuwa ta gagari mai albashi. Magidanci zai shiga Kantin Kwari da bakin azumi, ya bi layi-layi yana tayawa ana albarka, da ƙyar ya yanko yadi mai sauƙin kuɗi da turmin atamfa, ya haɗa da kuɗin tela. Ya iso gida, sai ɗa ya ɗaga kayan da yatsu biyu ya ce, "Baba, ai an daina yayin wannan." Uba ba zai tanka ba, amma maganar ta shige shi.

Abin da sunna ta nema ranar idi shi ne ka yi wanka, ka sa turare, ka sa mafi kyawun tufar da ka mallaka. Ba a ce sai sabuwa ba, balle mai tsada. Yadi mai araha in ya samu tela mai hannu da guga mai kyau, babu wanda zai tare ka a filin idi ya tambayi farashinsa. Wanda ya ɗauko takalmi a gwanjon Ƙofar Wambai ma bai yi abin kunya ba. Ni abin da yake ba ni tsoro bashi ne. Saurayi ya ci bashin ɗinki kala uku don hoton da zai ɗora a WhatsApp, har babbar sallah ta zo yana canza hanya saboda mai bin sa. Ke kuma ƙanwata, ki daina matsa wa saurayi kan leshi da kuɗin anko, don ba kowane mai bayarwa ne yake bayarwa don Allah ba. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce mu dubi wanda yake ƙasa da mu, kada mu dubi wanda yake sama, don kada mu raina ni'imar Allah.

Sai maganar abinci, inda rashin godiyar ya fi ɓuya. Wainar da kake dangwala a miyar taushe, ka san yadda aka yi ta? Tun jajibere aka jiƙa shinkafa, aka kai niƙa, ƙullu ya kwana ya tashi. Kafin asuba Umma tana gaban tanda, hayaƙi na cin idonta, ga tuwon shinkafa na jira, ga funkaso, ga cincin da dubulan da aka kwana ana soyawa. Kai ka dawo daga idi ka cinye, ka ce naman ya yi kaɗan, ka fice kallon hawa. "Sannu da aiki Umma, Allah ya saka da alheri" ba ta cin ko sisi, amma da yawanmu ba mu faɗa. Allah kuwa ya ce a aya ta 7 ta Suratu Ibrahim, in kun gode zai ƙara muku.

Ga kuma kwanukan maƙwabta da suke taruwa da yamma. Babu wuta, firji ya mutu, washegari a zuba tuwo a kwata, alhali almajirai sun wuni suna sallama a ƙofar gida. Ku raba shi tun yana da zafi.

Wanda ya fara sana'a, ya sauke wa mahaifinsa nauyi ya fitar da zakkar fidda kansa: sa'i ɗaya, wato mudun Annabi 4 na abincin da aka fi ci a garin, kafin a tafi idi. Kayan bara da suka matse ka kuma, ka miƙa wa ƙaninka ko ɗan maƙwabci tun da sauran kwanaki, ya samu ya kai wanki da guga.