Gogewa Roƙo Ce: Nasiha Ga Masu Ƙaura Zuwa Mastodon Da 'Yan Uwanta

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa.

Tun watan Oktoba na 2022 da Elon Musk ya saye Twitter kan dala biliyan 44, na ga da yawanku sun tattara nasu-ya-nasu sun koma Mastodon, wani dandalin sada zumunta mai kama da Twitter. Wasu daga baya suka faɗa Bluesky, 'yan tsiraru masu son abu mai wuya kuma suka shiga Nostr. Ban ga laifinku ba, ni ma ina cikin ayarin. Abin da ke damuna shi ne maganar da nake yawan ji a bakinku, wai can ba uban gida, ba kamfanin da ke cinikin bayanan mutane, don haka asirin kowa a rufe yake. Rabin maganar gaskiya ne. Ɗaya rabin shi ke jefa mutum cikin da-na-sani.

A Facebook, abin da ka rubuta yana zaune a rumbun kamfani guda. Mastodon, wadda Eugen Rochko ya fitar a 2016, ba haka take ba. Dubban sabobi ne, wato kwamfutocin da ke riƙe da asusun mutane da rubutunsu, kowace da mai ita, kowace da dokokinta, suna magana da juna ta wata ƙa'ida mai suna ActivityPub, wadda W3C, hukumar tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta amince da ita a watan Janairun 2018. Da ka danna wallafa, sabarka za ta duba mabiyanka, ta ga a waɗanne sabobi suke, ta aika wa kowace kwafi. Kowace ta adana rubutun a rumbun bayananta, ta sauke hoton ta ajiye a nata faifan. Idan wani ya yaɗa rubutun, sabobin mabiyansa su ma su kwasa. Kafin ka ajiye wayar, maganarka ta sauka a gidaje da yawa, a ƙasashe daban-daban, a hannun mutanen da ko sunansu ba ka taɓa ji ba.

Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. Ban taɓa ganin inda karin maganar nan ya zauna daram kamar a nan ba.

To, me ke faruwa idan ka danna gogewa? Sabarka tana goge nata nan take, sannan ta aika wa sauran saƙo cewa mai rubutun nan ya janye shi, ku ma ku cire. Roƙo ne, ba ta da hannun da za ta miƙa cikin faifan wani. Mafi yawan sabobi suna amsawa, a faɗi gaskiya. Amma akwai wadda ta lalace a lokacin, akwai wadda ta samo rubutun ta hanyar da sabarka ba ta sani ba, akwai wadda mai ita ya taɓa manhajar da gangan don ta yi kunnen uwar shegu da irin wannan saƙo. Ga kuma kwafin ajiya da masu kula da sabobi ke ɗauka don gudun ɓacin rana, wanda saƙon gogewa ba ya isa gare shi sam.

Ni ganau ne. Wata rana na ɗauki hoton teburina ina murnar sabuwar kwamfuta, na ɗora. Sai da wani ya yi min magana na lura cewa a gefen hoton akwai wata takarda, cikakken sunana da adireshina sun fito ɓaro-ɓaro ga duk wanda ya zuƙo hoton. Ban kai minti ashirin ba na goge, na sauke ajiyar zuciya. Bayan makonni sai ga wani aboki da ke wata ƙaramar saba ya turo min hoton allonsa: “Malam, ba ka ce ka goge wannan ba?” Ga rubutun nan, ga hoton nan, ga takardar nan. Ashe sabarsu ta karɓi hoton, a daren ta mutu, ta yi kwanaki ba ta farfaɗo ba, tawa ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofa har ta haƙura. Sai da na nemo imel ɗin admin ɗinsu, wato mai kula da sabar, na rubuta masa, ina lallashi kamar mai neman bashi. Mutumin kirki ne, ya cire, har da ba ni haƙuri. Amma wannan saba ɗaya ce da Allah Ya sa nake da aboki a cikinta.

Na san abin da wani zai ce: to a daina ajiye kwafin mana, kowa ya riƙe nasa. Ni ma haka na faɗa a lokacin, cikin fushi. Da na zauna na fahimci abin sai jikina ya yi sanyi.

A ce sabarka ba ta ajiye hotunan wasu sabobi. Duk lokacin da kake gangarawa kana kallo, wayarka ce za ta je da kanta ta ɗauko kowane hoto daga inda ya fito. Kowace sabar da ta je kuwa za ta ga lambar IP ɗinka, wato adireshin na'urarka a intanet, da lokacin da ka zo, da irin na'urar da ke hannunka. Lambar IP ba ta nuna ƙofar gida, amma takan nuna kamfanin da ke ba ka intanet da yankin da kake. Mai neman ka da sharri ba ya buƙatar wata dabara: ya buɗe saba tasa, ya ambace ka a rubutu mai hoto, ya zauna yana jiran wayarka ta zo ɗauka. Da ajiyar kwafi kuwa, sabarka ce ke zuwa a madadinka, ita ake gani, kai kana bayan labule. Ajiyar da ta tona min asiri ranar da nake mai rubutu, ita ce ke rufa min asiri kullum da nake mai karatu. Ga kuma batun nauyi. Ƙaramar sabar da mutum ɗaya ke biya wa kuɗi daga aljihunsa ba za ta iya ɗaukar dubban wayoyi a lokaci guda ba idan rubutun ɗaya daga cikin mutanenta ya yi tashe. Kwafin da ya bazu shi ke raba mata kayan.

Wani misalin da ya fi ba ni mamaki shi ne ɗan katin da ke fitowa ƙarƙashin link, mai take da hoto. A Mastodon kowace saba da kanta take zuwa shafin ta haɗa katin, domin ba ta yarda da wanda wata sabar za ta miƙo mata ba, kada a yi mata jabu, a sa taken ƙarya a kan shafin gaskiya. Hankali ne wannan. Sai dai sakamakonsa, idan mai mabiya da yawa ya saka link na wani ƙaramin shafi, sabobi ɗaruruwa su dira a kansa kusan lokaci guda, har masu ƙananan shafuka sun sha kukan cewa abin yana durƙusar da su. A yarda da kwafin wani, a buɗe ƙofar yaudara. A ƙi yarda, a danne marar ƙarfi. Duk wanda ya ce muku akwai gyara ɗaya da zai warware wannan ba tare da an rasa komai ba, bai zauna da matsalar ba.

Yanzu saƙon sirri, wanda nan ne na fi jin tsoro a kanku. Abin da kuke ɗauka inbox ne a Mastodon, rubutu ne kamar kowane rubutu, an dai taƙaita masu ganinsa. Ba a kulle shi daga wayarka zuwa wayar mai karɓa ba, manhajar da kanta tana gargaɗi a kan haka, amma wa ke karanta gargaɗi? Mai kula da sabarka zai iya buɗe rumbu ya karanta, haka ma mai kula da sabar wanda ka aika wa. Kuma idan kuna cikin gulmar wani ka rubuta sunansa da alamar @ a gaba, ka gayyato shi cikin zancen ke nan, saƙon zai isa gare shi. Rubutun “mabiya kaɗai” shi ma amincinsa daidai yake da amincin mafi raunin saba a cikin sabobin mabiyanka.

Ba sai admin ya zama mugu ba. A watan Mayun 2023 jami'an FBI a Amurka sun kai samame gidan ɗaya daga cikin masu kula da sabar Kolektiva, kan wani lamari da bai shafi sabar ba. Sai aka yi rashin sa'a, a lokacin yana aikin gyara da kwafin rumbun bayanan sabar a kwamfutarsa, a buɗe ba kulle. Aka tafi da shi, da adireshin imel na masu amfani, da rubuce-rubucensu, har da saƙonnin da suke zaton na sirri ne. Mutanen da ke wannan saba masu fafutuka ne, sun fi yawancinmu taka-tsantsan. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Masu Bluesky kada ku yi dariya. Can an gina abin ne a fili tun daga tushe: rubutunka, wanda kake bi, abin da ka so, har wanda ka toshe, duk mai ɗan ilimin kwamfuta zai iya gani, kuma akwai bututun da ke kwararo da komai ga duk wanda ya jona. A watan Nuwamban 2024 wani ma'aikacin kamfanin Hugging Face ya kwashi rubutu miliyan 1 daga bututun ya wallafa don masu binciken ƙirƙirarriyar basira. Da aka yi ca a kansa ya sauke, ya nemi afuwa, amma wanda ya riga ya kwafa ya kwafa. A Nostr kuwa, gogewa sunanta ma buƙata, tashoshin da ke isar da saƙo suna da zaɓin su bi ko su ƙi.

Wani zai kawo dokar GDPR ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2018, mai ba mutum haƙƙin a goge bayanansa. Doka ce mai kyau. Amma kamfani ɗaya ake iya rubuta wa takarda a jira amsa. Sabobin da ba ka san adadinsu ba, wasu a ƙasashen da dokar ba ta kai ba, wa za ka kai ƙara?

Ku da kuka buɗe saba don abokai, da ku nake yanzu, kuma na san mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Faifanku yana cika da hotunan mutanen da ba ku sani ba, wani lokacin har da ƙazantar da doka ta haramta, wadda ta shigo kawai don wani naku yana bin wani. Akwai wurin saita tsawon kwanakin da hotunan waje, wato na wasu sabobi, za su yi kafin a share su, akwai kuma umarnin tootctl media remove wanda in ba ku canza ba yake share abin da ya wuce kwana 7. Ku yi amfani da su. Hoton da aka share, in an sake buƙatarsa ana iya ɗauko shi daga tushe. Amma ku yi hattara da share rubutun waje shi kansa, domin yana tafiya da abin da mutanenku suka adana, ya kuma bar tattaunawa da giɓi. Kwafin ajiya kuwa ku kulle shi, kada ya kwana a buɗe a kwamfutar da kuke yawo da ita. Amana mutane suka ba ku, ko da ba su san girman abin da suka bayar ba.

Sauranmu, abin da ke hannunmu ba shi da yawa amma yana da amfani. Kafin ka yi rajista a saba, ka san wa ke riƙe da ita, a wace ƙasa take, me ta ce game da ajiyar bayanai. Maganar da ba ka son a ji, ka kai ta Signal ko wani wurin da ake kulle saƙo tun daga wayarka. In rubutunka na mabiya kaɗai ne, ka kulle asusun ta yadda sai ka amince mutum zai bi ka, ka kuma duba daga wace saba ya fito. Tun fitowar Mastodon 4.2 a 2023, sai ka ba da izini rubutunka ke fitowa a binciken kalmomi, to ka san abin da ka zaɓa. Hoto kuma ka zuƙo shi ka duba kusurwa huɗu kafin ka ɗora. Wanda ya fi duka nauyi a wurina shi ne hoton wani, ko yaron wani, ko maganar da wani ya faɗa maka ku biyu. Naka in ya bazu kai ka jawo. Na wani fa, da wane baki za ka ce masa ka goge alhali ka san gogewar roƙo ce?

Ni dai tun daga lokacin na kunna tsarin da ke goge tsofaffin rubuce-rubucena da kansa bayan wata uku, ina sane da cewa shi ma roƙon yake aikawa. Kuma har yau, in na samu kaina a wata sabar da ban saba da ita ba, nakan liƙa link ɗin tsohon hoton nan a wurin bincike, in danna, in tsaya ina kallon allo.