Mai zolaya ba shi ne abin tsoro ba, wanda ya kasa haɗiye ta ne

Ranar 30 ga Nuwamban 2024 mutum fiye da dubu ɗari suka cika filin wasan ƙwallon Amurka na Jami'ar Ohio State da ke birnin Columbus a jihar Ohio ta Amurka, kowa na jiran a yi wa Jami'ar Michigan cin kaca. Suna da hujja. Ƙungiyar Jami'ar Ohio State tana matsayi na biyu a faɗin ƙasar, ita kuwa Michigan ta zo ne bayan ta sha kashi sau biyar a wasa 11. Sai reshe ya juye da mujiya, Michigan ta yi nasara da maki 13 da 10, karo na huɗu a jere. Ana tashi 'yan wasanta suka ɗauko tuta mai ƙaton harafin M suka nufi tsakiyar fili za su kafa ta a kan tambarin masu gida. 'Yan Ohio suna can gefe suna rera taken makarantarsu, da suka hango abin da ke faruwa suka rugo a guje. Ɗaya daga cikinsu ya fizge tutar daga jikin sandarta, aka kaure da dambe, har sai da 'yan sanda suka fesa ruwan barkono. Hukumar Big Ten, gasar da jami'o'in biyu suke bugawa a cikinta, ta ci kowace jami'a tarar dala 100,000.

Ba a yi mako biyu ba wani ɗan majalisar dokokin jihar Ohio, Josh Williams, ya gabatar da ƙudurin da zai mayar da kafa tuta a tsakiyar wannan fili babban laifi a idon doka. Ƙudurin bai zama doka ba, kuma na ji daɗin hakan. Amma tunanin da ya haife shi ya cancanci a tsaya a kansa, domin ina ganin an ɗora laifi inda ba nan yake ba.

Wasan da ake magana a kai shi ne ƙwallon Amurka, mai kama da zari-ruga, wanda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita ana sanye da hular kwano. Masu buga na jami'o'i ɗalibai ne, akasarinsu tsakanin shekara 18 zuwa 23. Sai dai taron da suke tarawa ya wuce tunanin wanda bai sani ba: filin Jami'ar Michigan a garin Ann Arbor yana ɗaukar mutum 107,601, babu filin da ya kai shi girma a duk Amurka. A jihohi irin su Alabama, inda babu babbar ƙungiyar ƙwararru, ƙungiyar jami'a ita ce tutar gari da dangi. Ana gadonta kamar yadda ake gadon gona.

Michigan da Ohio State sun fara karawa a 1897, Michigan ta ci 34 da nema. Amma jiƙaƙƙar ta girmi ƙwallon. A 1835 jihohin biyu, lokacin Michigan ba ta ma zama cikakkiyar jiha ba, sun ja daga a kan wani zirin ƙasa da garin Toledo yake ciki, har kowa ya tara mayaƙa. Aka sasanta, Ohio ta riƙe Toledo, aka ba Michigan wani yanki a arewa. Abin da ya rage na wannan gaba shi ne ake sauke wa juna a ƙarshen kowane Nuwamba, da baki da alli da fenti.

Kuma sun iya. Idan makon wasan ya kama, ɗaliban Ohio State sukan bi harabar makarantarsu da jan salatif suna liƙe duk harafin M da suka gani, a allon sunan gini, a alamar titi, a ƙofar ofis. Mutum zai tsaya gaban allo yana haɗa sunan wuri da ƙyar saboda an toshe masa haruffa. A 2013 gwamnan jihar na lokacin, John Kasich, ya fitar da sanarwa a hukumance yana roƙon mutanen Ohio su ƙaurace wa harafin a ranar wasan. Woody Hayes, wanda ya horar da Ohio State daga 1951 zuwa 1978, ba ya son kama sunan Michigan, sai ya ce "ƙungiyar can ta arewa", kuma har yau haka magoya baya suke faɗa. Su ma na Michigan ba su bar bashi ya kwana ba. Brady Hoke, da ya zama kocinsu a 2011, ya riƙa kiran abokan hamayyar "Ohio" kawai, yana yanke musu rabin suna, alhali akwai wata jami'a daban mai wannan sunan. Ƙaramin abu ne, amma ya riƙa sosa musu rai. Tun 1934 kuma duk ɗan wasan Ohio State da aka ci Michigan da shi ana ba shi ɗan ƙaramin wandon zinare na ratayawa, saboda kocinsu na lokacin, Francis Schmidt, ya ce su ma 'yan Michigan ƙafa ɗaiɗai suke zura wando kamar kowa.

Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Abin da ke tsakanin Bakano da Bazazzagi ke nan, ko Bafulatani da Babarbare: tsohuwar gaba ce aka mayar da ita wasa, kowa yana da izinin faɗa wa ɗan'uwansa maganar da in bare ya faɗa sai an kai ruwa rana. Ƙa'idar kuwa ɗaya ce, kuma kowa ya san ta. Wanda ya fusata shi ya ji kunya.

Wannan ƙa'ida ce ta riƙe Hayes da babban abokin hamayyarsa. A 1968 Ohio State ta lallasa Michigan 50 da 14, kuma ana dab da tashi, nasara tana hannu, Hayes ya sa yaransa neman ƙarin maki biyu maimakon ɗaya da aka saba. Cin fuska ne ƙarara. Michigan ba ta kai ƙara ko'ina ba. Ta ɗauko Bo Schembechler, tsohon mataimakin Hayes, ta ba shi ƙungiya. Shi kuma ya sa aka manna lamba 50 a kayan atisayen 'yan wasansa don kada su manta. Shekara na zagayowa suka doke Ohio State 24 da 12, suka katse mata nasara 22 da ta jera. Shekara goma malami da almajiri suna gwabzawa, Schembechler ya ci biyar, Hayes huɗu, aka yi canjaras ɗaya. Duk da haka, a Maris na 1987, Hayes yana fama da ciwo ya tafi wata liyafa a garin Dayton don ya gabatar da Schembechler da bakinsa, kuma bai ƙara kwanaki ba ya rasu. Da Schembechler ya rasu a Nuwamban 2006, ana gobe ƙungiyoyin biyu za su kara suna na ɗaya da na biyu a ƙasa, filin Columbus ne ya tsaya ya girmama shi. Tun 1982 ɗaliban makarantun biyu suke gasar ba da gudummawar jini kafin wasan, kowa na son ya fi abokin hamayya cika jaka.

To, ina ɓarnar take fitowa? A duba jihar Alabama. Magoya bayan Jami'ar Alabama sun daɗe suna kiran Jami'ar Auburn, abokiyar hamayyarsu a jihar, makarantar shanu, saboda ta taɓa zama kwalejin noma. Su kuma mutanen Auburn, duk ranar da suka yi nasara, sai su taru a wata kusurwa da ake kira Toomer's su lulluɓe wasu manyan itatuwa biyu da takardar bayan gida har su yi fari fat. A Nuwamban 2010 Auburn ta je har gidan Alabama, aka fara cin ta 24 da nema, ta farfaɗo ta yi nasara 28 da 27. A Janairun 2011 wani mutum ya buga waya a shirin rediyo na Paul Finebaum, ya faɗa da bakinsa cewa ya zuba wa itatuwan nan guba. Ɗaya daga cikin dalilansa, wai an rataya rigar ɗan wasan Auburn a jikin mutum-mutumin tsohon kocin Alabama, Bear Bryant. Sunansa Harvey Updyke, tsohon ɗan sanda daga Texas, wanda bai ma yi karatu a Alabama ba. Masana sun yi iya ƙoƙarinsu, itatuwan ba su tashi ba, aka sare su a Afrilun 2013. Shi kuma kotu ta ɗaure shi, ta ce ya biya diyyar kusan dala 800,000.

Updyke bai zolayi kowa ba. Zolayarsa aka yi ya kasa ɗauka. Su kuwa ainihin masu zolayar, magoya bayan Alabama da suka shekara suna kiran Auburn makarantar shanu, su ne suka kafa gidauniya don ceto itatuwan. Da guguwa ta ragargaza garin Tuscaloosa, mazaunin Jami'ar Alabama, a Afrilun 2011, mutanen Auburn suka yi ta lodin kayan agaji suna kaiwa.

Haka abin yake a Columbus. Bayan faɗuwar 2024, barazanar da ta sa aka girke masu tsaro a gidan kocin Ohio State, Ryan Day, ba daga Michigan ta zo ba. Daga cikin nasa magoya bayan ta fito, mutanen da suka ga ba za su iya jure wata shekara ta dariyar maƙwabta ba, sai suka huce a kan mutum da matarsa da 'ya'yansa. Wannan ya fi damuna fiye da damben da aka yi a fili. Kuma kocin nan da aka hana barci, shi ne ya ɗauko kofin ƙasa baki ɗaya a Janairun 2025, bayan doke Notre Dame 34 da 23. Ga kuma caca, wadda ta bazu a jihohi tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2018. Mutumin da ya yi asarar kuɗin haya a kan wasa ba ya jin wasa, kuma hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta sha kokawa kan yadda irin waɗannan suke bin ɗalibai da zagi a shafukan sada zumunta.

Akwai mai cewa kafa tuta a tsakar gidan mutum ya wuce zolaya, tsokana ce da gangan, a lokacin da jini ke tafasa. Akwai gaskiya a nan. A ranar da aka yi ta Columbus, an yi irin wannan hatsaniya a wasan Florida da Florida State, da na North Carolina da NC State. Samari ne majiya ƙarfi da suka shafe sa'a uku suna karo da juna, ba a rasa wanda zai kai hannu. Na kuma yarda cewa ba kowace zolaya ce mai tsabta ba. Wadda ta taɓa launin fata, ko talaucin mutum, ko mamacinsa, ko rauni da ɗan wasa ya ji, wannan cin mutunci ne, kuma 'yan ɓangaren mai yin ta ne ya kamata su fara kwaɓarsa. Amma tuta ba ta cikin wannan sahu. Ba ta karya ƙashi, ba ta kashe itace, ana cire ta cikin daƙiƙa. Idan ana dara fid da uwa ake. Wanda ya shiga gasa ya amince ke nan cewa wata rana za a ci shi, kuma wanda ya ci shi zai yi murna a gabansa.

Su ma 'yan Ohio ba su rasa abin cewa. Tun da aka bankaɗo a 2023 cewa wani ma'aikacin Michigan, Connor Stalions, yana tura mutane su ɗauki bidiyon alamun da kociyoyin wasu ƙungiyoyi suke yi wa 'yan wasansu, har aka dakatar da koci Jim Harbaugh wasa uku, suke kiran kofin da Michigan ta ɗauka a Janairun 2024 kofin maguɗi. Wannan zolaya ce mai hujja, kuma dole 'yan Michigan su haɗiye ta kamar yadda suke so a haɗiye tasu. Babu ɗan majalisar Michigan da ya kamata ya nemi dokar hana faɗar ta.

A Nuwamban 2025 Ohio State ta je Ann Arbor ta yi nasara 27 da 9. 'Yan Michigan suka taru a kan tambarinsu suna gadi, Ryan Day kuma ya hana yaransa zuwa da tuta. Ya kyauta, kuma kyawun abin shi ne babu wanda ya tilasta masa. Abin da ya rage wa hukumar Big Ten aiki ne mai sauƙi: a fitar da ƙungiyar da aka ci daga fili kafin masu nasara su fara shagali, duk ɗan wasan da ya kai naushi a dakatar da shi da sunansa maimakon tarar da jami'a mai kasafin miliyoyi ba za ta ji a jikinta ba, wanda kuma ya aika wa iyalin koci ko ɗalibi barazana a miƙa shi ga 'yan sanda a hana shi shiga fili har abada.