Wa Ya Cinye Kilishina?

Ƙanena ne ya jawo min. Shi ya loda min wani shirin talabijin na Ingila a waya, wai in huta da kallon ƙwallo da ke tayar min da hawan jini. Poirot sunan shirin. Tashar ITV ce ta yi shi daga 1989 zuwa 2013, kashi 70 cif, an ɗauko labaransa daga littattafan Agatha Christie. David Suchet ne ya fito a matsayin Poirot, mai binciken laifuka, wani ɗan gayu mai sanƙo da murɗaɗɗen gashin baki, yana tafiya ɗagwas-ɗagwas. Poirot ɗin ɗan Beljiyam ne, in kana neman ɓacin ransa ka kira shi Bafaranshe.

Abin da ya tafi da ni, mutumin nan ba ya marin kowa. Tambaya kawai yake yi, ya kalli tokar sigari, ya lura agogo ya tsaya. A ƙarshe sai ya tara kowa a falo, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tona wa kowa ɗan asirinsa, sai cikin kowa ya ɗuri ruwa sannan ya juya ya nuna mai laifin. Tun ina kallo don nishaɗi har na fara jin cewa ni ma Allah ya ba ni wannan baiwa, dama ce kawai ban samu ba.

Sai ga dama ta zo. Wani abokina ya kawo min tsarabar kilishi, mai kauri, ja jawur, yaji ya ratsa shi. Na naɗe shi a takardarsa na ɗora can saman durowar kaya, inda ko ni sai na yi ɗage. Ranar Juma'a na dawo daga masallaci na kai hannu, sai na ji takarda ta rame. Ɗan yanki guda ya rage, sai burbushin ƙuli.

Ban yi ihu ba, ai mai bincike ba ya ihu. Na duba ƙasa na ga sawun kujera an jawo ta. Na ga ɗigon mai a murfin durowa. Na fita tsakar gida ina kallon mutane ƙasa-ƙasa: ƙanena da tsinken sakace a baki, autana yatsunsa ja, ƙanwar maiɗakina kuma sai ɗirkar ruwa take yi tana hura hanci. Na ce a raina, yarinya, yaji ya tona ki.

Bayan Isha'i na sa aka tara kowa a falo. Har Hajiya, mahaifiyata, ta shigo da carbinta ta zauna kan darduma, tana zaton maganar aure ce. Na goya hannu a baya na fara zagaye, ina murza gashin bakin da bai kai a murza ba. Ina cikin bayanin sawun kujera aka ɗauke wuta, dole na ci gaba da fitilar waya, ina haska fuskar kowa.

Na wanke auta, na ce tsawonsa bai kai ba. Na wanke ƙanena, na ce lokacin yana masallaci. Sannan na juya a hankali, yadda na ga ana yi, na haska ƙanwar maiɗakina.

"Ke ce."

Ta ce, "Eh, Yaya, na ci. Amma ba ni na sauko da shi ba."

Auta ya ɗaga hannu. "Baba, ni ma na ci. Biyu aka ba ni."

Ƙanena ya ce shi nasa rabon tun kafin a kira salla ya cinye. Maiɗakina ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa, ta ce ita wuƙa kawai ta kawo. Har yaron maƙwabta da ya shigo aron dutsen guga, an ce ya samu.

Sai Hajiya ta yi gyaran murya. "Ni na sa aka sauko da shi, ni na raba. Magidanci da kai, ka ɓoye nama a saman durowa kamar ɓera? Ka haska ni mana."

Na kashe fitila.

Cikin duhun nan ƙanena ya ce, "Yaya, ashe ba ka kai kashin Orient Express ba." Kafin in hana shi ya zazzage min komai: jirgin ƙasa ya taso daga Istanbul, dusar ƙanƙara ta tare shi a hanya, aka tarar da wani fasinja an caka masa wuƙa sau 12, ashe taron dangi aka yi masa, kowa ya caka tasa. Littafin tun 1934 ya fito, in ji shi, don haka ba asiri ya tona ba. Wai kuma Poirot ɗin ma bai miƙa su ga hukuma ba.

Kashin da na ajiye don daren Asabar ke nan. Ina neman abin cewa Hajiya ta miƙe tana naɗe darduma, ta ce in abokin nan nawa zai sake kawowa, a gaya masa a rage yaji, ya tayar mata da gyambon ciki, kuma gobe da safe in sayo mata magani.