Ku daina sa wa ƙyallen bas ɗin Landan almakashi

Asabar ɗin da ta wuce na ga abin da ya ɓata min rai a wata kasuwar tsofaffin kaya a nan Landan. Wani ɗan kasuwa ya jera firem-firem a kan tebur, kowanne da guntun baƙin ƙyalle mai suna ɗaya da farin rubutu: Piccadilly Circus, Oxford Circus, Marble Arch. Da na leƙa ƙarƙashin teburin, sai ga kwali cike da ragowar, sunayen unguwannin da ba mai son ratayawa a falonsa.

Ga wanda bai san abin ba, tsofaffin bas ɗin Landan, irin Routemaster mai hawa biyu da ta fara aiki a 1956, ba allo guda suke da shi a goshi ba. Dogon ƙyalle ne a naɗe kamar tabarma a bayan gilashi, ana murɗa wani ɗan ƙarfe da hannu har sunan inda motar za ta tsaya ya fito. Kowane gareji da naɗinsa, ɗauke da duk wuraren da motocinsa ke zuwa. Salon harafin kuwa na Edward Johnston ne, wanda ya zana wa jirgin ƙarƙashin ƙasa a 1916.

Ina da guda ɗaya cikakke. In na warware shi daga bakin ƙofa sai ya kai kicin, uwargida tana tsallakawa tana cewa, "Maigida, wannan tsumman dai?" Amma ku zo ku gani. Inda aka rubuta Streatham ya koɗe, rana ta ci shi, don kullum shi ke waje. Wasu sunayen kuwa fes suke kamar jiya aka buga, wuraren da bas ke juyowa ne kawai in ta makara. Streatham ɗin nan ita ce ƙarshen layi na 159, layin da Routemaster ta yi aikinta na yau da kullum na ƙarshe ranar 9 ga Disamba, 2005. Wanda ya yanke suna ɗaya ya kai firem, ta ina zai ga wannan bambancin?

Ɗan kasuwar ya ce min ba mai bangon da zai ɗauki naɗi guda, kuma da ba don irinsu ba, bola za a kai su. Yana da gaskiya rabi. Amma ai ba dole sai an rataye ba, nawa a naɗe yake a saman durowa.

Wataƙila abin ya fi ci min rai ne don mu a Kano ba mu da abin tarawa. Yaron mota ne allonmu, yana rataye a ƙofa yana "Bata! Bata! Kabuga!" Ba wanda ya naɗe muryarsa ya ajiye.

Ƙarshe dai kwalin guntayen na saya. Daren jiya na baza su a ƙasa ina haɗa bakin yanka da bakin yanka. Bakwai sun haɗu. Wanda ke bin Brixton ne har yanzu ban samu ba.