Amaryata Ashe Namiji Ce

Tun ranar Asabar wayata ba ta huta ba, kowa da irin labarin da ya ji, kuma duk wanda na tambaya wa ya faɗa masa sai ya ce abokinmu mai gemu. To ga shi daga bakina, in na faɗa sau ɗaya na huta.

Kun dai san a nan Kanada tun 17 ga Oktoba 2018 doka ta sakar wa manya mara a kan tabar wiwi, har ta yarda kowane gida ya shuka tushe huɗu. Gida fa aka ce, ko ku goma ne a ciki, huɗun nan ne dai. Jihar Kwibek ce ta ce ita ba ta yarda a shuka a gida ba, kotun ƙoli kuma ta ba ta gaskiya a 2023, to ni ba can nake ba. Wanda yake inda doka ta hana, ya karanta ya yi dariyarsa ya wuce, kada ya ce ni na aike shi. Kuma kafin wani ya kai ni ƙara wajen manya: ban taɓa sha ba, ko warinta ba na so. Gardama ce ta ja mini. Mai gemu ne ya ce a gaban mutane wai ni ko furen roba aka ba ni ajiya sai ya bushe. Na ce masa zan shuka abin da ake cewa ya fi komai wahala a ɗaki, kuma ba zan kashe ko rabin abin da mutane ke kashewa ba.

Na je shagon da ke da lasisi. Yaron shagon ya nuna mini iri kala biyu, ɗaya mai tsada ɗaya mai sauƙi, ya yi ta zuba bayani a kan bambancinsu. Ni kuwa idona na kan farashi, kunnena na gida. Na ɗauki mai sauƙin na fito ina jin na cuci shago.

Farkon abin ya yi daɗi, shi ya sa kai ya kumbura. Na jiƙa takardar tishu, na jera ƙwaya huɗu, na kife faranti a kai. Kwana uku duk suka fasa, kowacce da 'yar farar saiwarta. Tantin shuka da ake saya na ce asara ce, kabad ɗin kayana na raba biyu, riguna a dama, gona a hagu. Fitila kuwa na sayi mafi araha a intanet, irin mai hasken shuɗi da ja ɗin nan da ke mayar da ɗaki kamar wurin rawa. A jikin kwalin an rubuta wat 1000 da manyan baƙaƙe, sai daga baya na duba ƙananan rubutun na ga abin da take ja bai kai rubu'in haka ba. Na rataye ta can sama a ƙarfen rataye riga. Tsiran suka yi ta miƙa wuya suna neman haske, sirara kamar tsinken tsintsiya, har ɗaya ya kife. Da igiyar takalmi na sauko da fitilar.

Ta farko ƙauna ce ta kashe ta. A bokitin fenti na dasa su, ban huda gindin ba, ina ba su ruwa safe da yamma kamar marasa lafiya. Ganye ya sunkuya, na ce ƙishi ne, na ƙara. Ashe saiwa ma iska take shaƙa, in ƙasa ta zama taɓo sai ta ruɓe, kuma yaushin yawan ruwa da na ƙishi kusan kamarsu ɗaya a idon sabon shiga. Wasu ƙananan ƙudaje baƙaƙe suka fara tashi daga ƙasar suna shiga mini hanci. Abin da ya kamata kawai shi ne ka cusa yatsa, in ka ji danshi ka ƙyale ta sai ta sha iska. Ta biyu taki ne ya ƙone ta. Ƙasar buhun da na saya dama da takinta na wasu makonni a ciki, ni kuma na tsiyaya na kwalba, har na ninka abin da aka rubuta don sauri. Bakin ganyen ya yi ruwan ƙasa ya naɗe kamar an sa masa ashana.

Saura biyu. Ɗaya gajera, mai yawan ganye, ba ta sauri. Ɗayar kuwa doguwa, miƙaƙƙiya, kullum in na buɗe kabad sai na ga ta ƙara. Ita na sa wa suna Amarya. Da wuri ya yi musu kaɗan na kira mai gemu a bidiyo na nuna masa, ya shafa gemun nan ya ce, "Mutumina, ai wannan ba abin tambaya ba ne, doguwar za ka bari." Na sa almakashi na datse gajerar na jefa a shara.

Daga nan na koma bawan Amarya. Awa 18 haske, awa 6 duhu, da 'yar na'urar da ke kunna wuta ta kashe da kanta. Da ta kai ƙugu na mayar da shi 12 da 12, don abin da ke sa ta fure ke nan, sai ta ɗauka rana ta gajarta kaka ta zo. An ce kuma duhun dole ya zama duhu na gaske, ko ɗan haske ya kutsa sai ya rikita ta. To ku tuna kayana a kabad ɗin suke. Sai in lallaɓa in buɗe ɓangaren dama da lalube, fitilar ɗaki a kashe, in zaro abin da hannuna ya taɓa. Sau biyu ina zuwa aiki da safa kowace da kalarta, sau ɗaya riga a bai-bai, ba wanda ya faɗa mini sai bayan azahar.

Kamar kwana goma da sauya hasken, sai ga wasu 'yan ƙulalai kore sun fito a mahaɗar reshe, curi-curi kamar ƙananan inabi. Na tura wa mai gemu hoto. Saƙon muryarsa na nan a wayata, ban goge ba kuma ba zan goge ba: "Kai, toho ne! Wallahi ka ci gari." Shi ne na gayyace ku ranar Asabar ku zo ku ga amarya.

Waɗanda suka zo sun san sauran, amma kowa ta inda ya tsaya ya gani, ni kuwa a tsakiya nake.

Mu shida ne a ɗakin. Na buɗe kabad ke nan, hasken ya zubo, na fara jawabi, ina ga har na ce "haƙuri da ilimi", sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Tsohuwar nan ce ta hawan ƙasa. Dama bayan mutuwar ta farko na huda bokitan amma ban sa komai a ƙarƙashi ba, ruwa ya yi ta bi ta katako har ya zana mata taswira a silin. Maganar da ta kawo ta ke nan. Tana cikin yi mini bayani cikin ladabi sai idonta ya faɗa kan kabad. Ta yi shiru. Ta ce ko za ta iya gani. Ni da nake neman 'yan kallo, na ce bismillah, Baba, shigo.

Ta ɗauko tabaraunta da ke rataye a wuya ta saka. Ta sunkuya a hankali, hannu ɗaya a gwiwa. Ta tambaya ko tana da suna, wannan mai surutun ya yi karaf ya ce Amarya, har da fassara mata. Ta ce suna mai daɗi. Sannan ta miƙa yatsa ɗaya ta ɗan ƙyasta wani reshe, sai ga wata ƙura rawaya ta tashi a cikin hasken, tana yawo a hankali. Har ga Allah a lokacin na ji daɗi, na ɗauka alamar ƙarfi ce. Na juya na kalli mai gemu ina murmushi.

Ta miƙe, ta cire tabarau, ta ce, "Ɗana, wannan ai namiji ne."

Ba wanda ya yi dariya nan take, kuma wannan shirun ya fi dariyar ciwo. Ina jin ƙarar fanka. Ina ganin mai wayar nan ya ƙara ɗaga wayarsa. Ni kuma maimakon in yi shiru in mutu da mutuncina, sai na ji bakina yana cewa a'a, wani iri ne na musamman. Na musamman! Matar da ta haura saba'in, wadda barandarta ta fi wasu gonaki kyau, ni nake gaya wa haka, da safa ɗaya baƙa ɗaya toka-toka.

Ba ta yi musu da ni ba. Bayani ta fara, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, irin yadda ake yi wa ɗan aji ɗaya. Ta ce wiwi tana da mace tana da namiji. Macen a mahaɗar reshe takan fito da wasu fararen gashi biyu sirara, namijin kuma ƙulalai, ga su nan, ta sake nunawa da yatsa ko da wani bai gani ba. Ƙulalan nan jakar ƙurar fure ce. Abin da mutane ke wahala dominsa a furen mace yake, kuma macen da ƙurar ba ta taɓa ba, don da ta taɓa ta sai ta koma yin 'ya'ya. Shi ya sa masu shuka da sun ga namiji suke cire shi a ranar. Ta ce iri na gama-gari kusan rabi da rabi yake fitowa, wanda ba ya son caca sai ya sayi wanda aka gyara ya fito mace zalla, ya fi tsada kaɗan. A nan fuskar yaron shagon ta faɗo mini, da bakinsa yana motsi. Ta ƙara da cewa namiji sau da yawa ya fi tsawo, ya fi saurin girma. Sai ta waiwaya ta ce, "Ita kaɗai ka shuka?"

Na ce akwai wata gajera.

"Tana ina?"

Ban amsa ba. Ta kalle ni, ta kalli almakashin da ke kan tebur, ta ce ba za ta rantse ba tunda ba ta gan ta ba. Sai ta ɗan bubbuga kafaɗata sau biyu. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. A kan bubbugawar nan ɗakin ya fashe, wani har da zama a ƙasa, wani yana cewa a kawo wa ango ruwa.

Duk wannan na yafe. Abin da ban yafe ba, a tsakiyar dariyar, mai gemu ya gyara murya ya ce, "Dama na yi zargin haka." Zargi! Kai da ka ce in datse gajerar. Kai da ka ce na ci gari. Har ya matsa kusa da tsohuwar yana gyaɗa kai yana "haka ne, haka ne", kamar tare suka yi karatu, yana ce mata ai ya sha faɗa mini ba na jin magana. Kuma halinsa ne, kun sani. Shi ne lokacin motar nan ya ce ƙarar ba komai ba ce, da ta tsaya mana a kan babbar hanya cikin dusar ƙanƙara ya ce dama tun a gida kunnensa bai yarda da ita ba. Mutum ne da bai taɓa yin kuskure ba, sai dai a yi kuskure a kusa da shi. Da zai tafi kuma ya ɗauki fankata, wai tunda gona ta tashi ba ni da bukata, zai dawo da ita Litinin. Yau Alhamis.

Kafin tsohuwar ta sauka ta roƙe ni in sa shi a leda in ɗaure kafin in fitar, don ƙurar tana bin iska, kuma akwai wanda ke da shukoki mata a baranda a ginin nan, ba zai ji daɗi ba. Ta ce maganar silin mu yi ta wani lokaci, yau na sha isasshe. Ranar Lahadi na datse Amarya, ko in ce ango, ban ma san me zan kira shi ba yanzu. Riguna duk sun yi rawaya a kafaɗa, na wanke sau biyu har yanzu in na saka sai atishawa. Takardar kuɗin wuta ta iso, ban buɗe ba. Fitilar tana nan tana kunna kanta ƙarfe shida na safe tana haska bokiti babu komai, na manta yadda ake sauya na'urar, kwalin kuma na yar.

Mai wayar nan, na san bidiyon yana wajenka. Wanda kuma ya ga mai gemu ya ce masa fankar baƙa ce, mai tsaye, wayarta da ɗan salatif a kusa da kai.