Injin da ya fi cin wasa ba shi ne gwanin gano kisan dole ba

Masu bibiyar wasan ches sun saba da wannan: a jera wa injinan kwamfuta matsalolin ƙarshen wasa, a ce kowanne ya gano hanyar kashe sarki da babu makawa, sannan a fito da sakamako ana cewa wane ya kayar da wane. Ina son irin wannan gwaji ƙwarai, domin a nan ne kaɗai ba a jayayya. Ko dai akwai kisa cikin motsi 12, ko babu. Abin da ke damuna shi ne yadda ake karanta sakamakon.

Stockfish, ɗaya daga cikin injinan ches mafi ƙarfi, da ire-irensa an gina su ne don su ci wasa. Duk gyaran da za a yi musu sai an buga dubban wasanni an ga ko ya ƙara ƙarfi. Shi kuwa cin wasa bai damu da ko ka kashe sarki a motsi 9 ko a motsi 40 ba, maki ɗaya ne. Saboda haka inji yana yanke rassan lissafi masu yawa da yake ganin ba su da amfani, don ya hango nesa a kan waɗanda ya yarda da su. Matsalar ita ce, kisan dole mai kyau galibi yana ɓoye ne a cikin reshen da aka yanke: sadaukar da sarauniya, ko soja ya kai ƙarshe a mayar da shi doki maimakon sarauniya, ko wani motsi na shiru da bai yi wa kowa barazana ba.

Ga wata dabara da injina ke yi. Inji yakan tambayi kansa: in na zauna ban motsa ba, abokin karawa ya yi motsi biyu a jere, shin har yanzu ina gaba? In amsar e ce, sai ya rage binciken wannan reshe. A tsakiyar wasa wannan na aiki sosai. A ƙarshen wasa kuwa akwai yanayin da tilascin yin motsi shi ne ajalin mutum. Ku jera wannan matsala da ake dangantawa da Paul Morphy: farin sarki a c8 (harafi da lamba sunan gida ne a kan allon), hasumiya a a1, soja a b6, baƙin sarki a a8, bishof a b8, sojoji a a7 da b7. Amsar ita ce hasumiya ta tafi a6. Ba ta yi barazanar komai ba, da baƙi zai iya ƙin motsawa da ya tsira. Amma dole ya motsa. In ya ci hasumiyar da sojan b7, sojan fari ya taka b7, kisa. In ya ɗaga bishof, hasumiya ta ci a7, kisa. Kowane inji zai ga wannan nan take tunda motsi biyu ne. To ku binne irin wannan tarko a motsi na ashirin, sai ku ga inji mai ƙarfin gaske yana ta shawagi, alhali wani ƙaramin shirin kwamfuta irin su Chest ko Popeye, da aka rubuta don warware matsaloli kawai, yana bin kowane reshe har ya tabbatar.

Wani abin da ake yawan kuskurewa: in inji ya ce kisa cikin 30, ma'anarsa ya ga hanya ɗaya da ba ta wuce 30 ba. Bai rantse cewa babu ta 22 ba. Mai gwajin da ya haɗa "ya gano kisa" da "ya gano mafi gajarta" a layi ɗaya ya riga ya ɓata lissafinsa.

Sai maganar rumbunan ƙarshen wasa, inda aka lissafe kowane yanayi tun daga kisa ana komawa baya. Ken Thompson na Bell Labs yana cikin waɗanda suka fara wannan aiki. A 1978 gwani Walter Browne ya kara da rumbun Thompson yana riƙe da sarauniya, kwamfuta na da hasumiya, ya kasa ci cikin motsi 50 a karon farko, sai a karo na biyu ya samu da ƙyar. A 2012 aka kammala rumbun Lomonosov na yanayin da 'ya'yan wasa bakwai suka rage a kan allo, a Jami'ar Mosko, kuma a irin wannan lissafi ne aka samu kisan da ke ɗaukar motsi 549. In ka bar wa inji wannan ƙofa a buɗe lokacin gwaji, ba tunaninsa kake aunawa ba, ɗalibi ne ka ba shi takardar amsa a ɗakin jarrabawa. Kuma rumbun Syzygy, wanda Ronald de Man ya fitar a 2013 kuma yawancin injina ke amfani da shi, ba ya ma ajiye nisan kisa. Yana ajiye ko ci ne ko kunnen doki, da nisan da ya rage kafin a ci wani ɗa ko a tura soja, saboda dokar motsi 50, wadda ke ba da damar tashi kunnen doki in an yi motsi 50 ba a yi ɗayan biyun ba. Inji zai iya sanin tabbas ya ci wasa, ya kasa faɗa maka a motsi nawa.

Don haka duk wanda zai wallafa irin wannan gwaji, ina roƙonsa ya faɗa mana ko ya rufe rumbunan, da lokacin da ya ba kowane inji, da ko ya share ma'ajiyar lissafi, inda inji ke ajiye abin da ya riga ya bincika, tsakanin matsala da matsala. Ya kuma maimaita, domin inji mai raba lissafinsa kashi-kashi yana yin su a lokaci guda yakan gano kisa cikin daƙiƙa biyar yau, gobe ya shafe minti goma a kan matsalar nan dai bai gani ba.