Ni da dinamon Corolla

Jar fitilar batir ta kama ina hanyar dawowa daga Mirya. Kafin in kai Kasuwar Dole fitilun gaba sun koma kamar aci-bal-bal, washegari kuwa sai da yaran unguwa suka tura ni. Na ari mitar awon wuta wajen maƙwabci na ɗora a kan batir: inji a kashe 12.1, inji a kunne 11.9. Dinamo, wato abin da ke cajin batir, in yana da lafiya bolt 13.8 zuwa 14.4 yake bayarwa. Na ce shi ke nan, ya mutu. Na sayo na hannu jikka 35, na kuma rantse ba makaniken da zai ci dala tawa.

Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, yaushe ka koyi gyaran mota?" Na ce ta kawo mini tabarma.

Aikin ba wuya a baki. Kile, wato sifana, mai lamba 12 na sassauta noti na sama, mai lamba 14 na ƙasa, a tura dinamo wajen inji, kuruwa, wato bel ɗin da ke juya shi, ta saki, a zare soket, a kwance babbar wayar da mai lamba 10. Abu guda na tsallake, shi ne na farko: cire kan batir na mas, wato mai alamar (-). Babbar wayar nan kai tsaye take zuwa batir, wuta na cikinta ko mota a kashe take. Kilena ya taɓa jikin inji, sai tartsatsi, fau! Na yi baya na zauna cikin kwanon ruwan awaki.

Duk da haka na ɗaura sabon. Na ɗame kuruwa har ta zama tsirkiyar baka, alhali santimita 1 ya kamata ta lotsa in an danna da babban yatsa, in ba haka ba boris ɗin da dinamo ke juyawa a kai ne zai ci wuya. Aka tura, ta tashi. Mita ta ce 11.8.

Da la'asar na kai kaina wajen wani dattijo mai gyaran wutar mota a Sabon Gari. Bai ko kalli sabon ba, akwatin fiyus ya buɗe. Babban fiyus na caji ya narke, aikin tartsatsina ne. Ya canza shi, ya sassauta kuruwa, mita ta hau 14.2.

Sai ya ce, "Alhaji, ina tsohon?" Na ɗauko daga but. Ya kwance murfin baya, ya zaro gawayi biyu masu kai wuta cikin dinamo, da suka cinye har ba sa taɓa zoben tagulla. Ya sa sababbi na jikka 2, ya gwada a tebur, dinamo ya kawo wuta tsaf.

"In za ka sayar, na saya jikka 10."

Yana ƙarƙashin gado yanzu. Uwargida na danne bakin buhun gero da shi.